Alhinin Uwa: Zunubi Ne, Ko Kuwa Ciwo?

Kafin a soma wannan darasi, sai shugaban aji ya sa a karanta 1 Samuila sura 1, da 1 Sarakuna sura 19.

Tambayar da ke Gabanmu

A kowace ikilisiya akwai mata waɗanda sukan zo sujada ran Lahadi da goyo a baya, su yi waƙa tare da jama'a, su gaisa da kowa a bakin ƙofa, amma da dare barci ba ya ɗaukarsu. Gabansu yana faɗuwa ba gaira ba dalili. Wata takan tashi sau da yawa ta kai hannu hancin jaririnta, ta ji ko yana numfashi. Wata abinci ya fita ranta. Wata kuwa takan yi kuka a madafa inda ba mai ganinta. In ta yi ƙarfin hali ta faɗa wa wani, sau da yawa amsa ɗaya takan samu cikin uku: ko a ce mata ta yi haƙuri, ko a ce bangaskiyarta ce ta raunana, ko a ce aljanu ne suka taɓa ta.

To, macen da ke cikin wannan hali, zunubi take yi, ko kuwa ciwo ne ya same ta? Ya wajaba mu amsa da hankali, gama irin amsar da muka bayar ita za ta nuna irin maganin da za mu kai mata. In zunubi ne, maganinsa tuba. In ciwo ne, to, wanda ya tsauta mata ya ɗora wa mai kaya wani kaya. Kuskure a nan ya taɓa jawo mutuwar aure, ya bar jarirai ba kulawa, har ya sa waɗansu mata sun hallaka kansu.

Kalma Ɗaya, Aiki Biyu

Masu cewa alhini zunubi ne suna da abin da suka dogara a kai. Cikin Matta sura 6 Ubangijinmu ya hana almajiransa damuwa a kan ci da sha da tufafi, Bulus kuma ya maimaita wannan gargaɗi ga Filibiyawa a sura 4. Ba za mu kau da kai daga waɗannan ayoyi ba. Amma wanda ya duba Sabon Alkawari cikin Helenanci, watau harshen da aka fara rubuta shi, zai tarar da abin lura. Kalmar da aka yi aiki da ita a wuraren nan biyu ita ce merimnao. Da wannan kalma kuma Bulus ya yabi Timotawus cikin sura 2 ta wannan wasiƙa, domin ya damu da lafiyar Filibiyawa da zuciya ɗaya. Da ita ya ce wa Korintiyawa gaɓoɓin jiki su kula da juna (1 Korintiyawa 12:25). Shi kansa ma ya shaida cewa nauyin dukan ikilisiyoyi yana danne shi kowace rana, da kalma mai tushe ɗaya da wannan (2 Korintiyawa 11:28).

Ashe akwai damuwar da ta fito daga ƙauna, akwai kuma wadda ta fito daga mantuwa da alherin Allah da kwaɗayin abin duniya. Ta biyun ce Ubangiji ya hana. Ko a nan ma, mu lura da yadda ya hana ta. Ya nuna wa masu jinsa tsuntsaye da furannin jeji, kamar yadda uba yakan rarrashi ɗansa mai tsoron duhu. Maganar ta'aziyya ce ga matalauta, ba daidai ba ne mu mai da ita bulala.

Mu tuna kuma da daren Jathsaimani. Masu Bishara sun ce baƙin ciki da wahalar zuciya sun rufe Yesu, har ya roƙi Bitrus da Yaƙub da Yohanna su zauna a faɗake tare da shi. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa kuwa ta tabbatar mana ba shi da zunubi (4:15). In mara zunubi ya ɗanɗani wannan ƙunci, ya kuma nemi abokan zama a cikinsa, lalle ƙuncin zuciya shi kaɗai bai isa a kira shi zunubi ba.

Mutum Ɗaya Ne

Tushen kuskurenmu shi ne mukan raba mutum kashi kashi, mu ce jiki na likita ne, ruhu na fasto, zaman gida kuwa ba ruwan kowa. Littafi Mai Tsarki bai raba shi haka ba. Kalmar Ibrananci nefesh, wadda akan juya ta da “rai”, ta ƙunshi maƙogwaro da numfashi da marmari da mutumin kansa gaba ɗaya. Kalmar Helenanci sozo, wadda akan juya ta da “ceto”, ita ce Yesu ya faɗa wa matar nan da ta shekara 12 tana zubar jini, sa'ad da ta warke (Markus 5:34). Ceto da warkewa sun taru cikin kalma guda.

Hausa ma ta san wannan. Mu dubi kalmar “lafiya”. In mun gai da mutum mukan tambayi kwanansa, da gajiyarsa, da gidansa, da yaransa, da aikinsa, amsar duka kuwa lafiya ce. Wanda jikinsa garau amma gidansa ba zaman lafiya, ba ma cewa yana lafiya.

Masana aikin likita sun komo kan wannan hanya. Tsarin da aka kafa Hukumar Lafiya ta Duniya a kansa, wanda ya soma aiki a 1948, ya ce lafiya ta haɗa jiki da hankali da zaman mutum cikin jama'a, ta wuce rashin cuta kaɗai. A 1977 wani likita na Amurka, George Engel, ya yi rubutu mai tasiri yana kira ga 'yan'uwansa likitoci su riƙa duban waɗannan uku tare ga kowane majiyyaci. Abin da ake nufi ke nan da jiyyar mutum ɗungum. Mu masu bi mukan ƙara na huɗu, watau tsayuwar mutum a gaban Mahaliccinsa.

Yadda Allah Ya Yi Jiyyar Iliya

Iliya annabi ne wanda ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel. Duk da haka, da Yezebel ta aiko masa da barazana, sai tsoro ya kama shi, ya gudu har Biyersheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace ya roƙa a ɗauki ransa. Ku lura da abin da Allah ya fara yi. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi waina da tulun ruwa, ya ci ya sha, ya sake kwantawa. Aka sake tashe shi aka ba shi abinci. Sai a Horeb, bayan kwana 40, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma saurari kukansa har sau biyu. Daga nan ya gyara masa tunani, gama Iliya yana tsammani shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Daga ƙarshe ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha abokin tafiya.

Barci, abinci, kunne mai saurare, gyaran tunani, aiki, da aboki. Allah bai ga ɗaya daga cikin waɗannan ya yi ƙanƙanta da zai kula da shi ba. Bari mu bi wannan jeri game da uwa mai alhini.

Jiki

Haihuwa aiki ne mai girgiza jiki duka. Sinadaran da suka riƙe ciki wata tara sukan ragu farat ɗaya cikin 'yan kwanaki. Saboda haka mata da yawa sukan yi kuka da saurin fushi daga kwana na biyu ko na uku bayan haihuwa, abin kuwa yakan wuce da kansa kafin mako biyu. In ya zarce mako biyu, ko ya hana ta ci da barci da kula da jariri, ya zama ciwo mai bukatar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 13 cikin 100 a duniya sukan sami irin wannan ciwo bayan haihuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa kusan 20 cikin 100, watau mace ɗaya cikin biyar.

Akwai kuma cututtukan jiki da ke kama da fargaba. Ƙarancin jini yakan sa bugun zuciya da jiri da kasala. Ƙullin nan na wuya wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, in aikinsa ya rikice bayan haihuwa, yakan kawo rawar jiki da rashin barci. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana wani raunin tsokar zuciya da ke kama masu jego, suka ga yana da dangantaka da yawan kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta suna kumbura, a kai ta asibiti ba jinkiri.

Akwai wani hali mai tsanani da yakan sami mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, galibi cikin makonni biyu na fari. Takan rikice, ta daina barci sam, ta ji muryoyi, ko ta ƙi jaririnta. A nan ne aka fi cewa aljanu ne, a ɗaure ta ko a yi ta dukanta da sunan fitar da su. Wannan zalunci ne. Ciwo ne na gaggawa, yana kuwa jin magani ƙwarai. Haka kuma macen da ta ce gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta wurin likita a ranar. Akwai asibitocin tarayya na masu ciwon hankali a Kaduna da Maiduguri da Kware da Aro, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Jos. Likita ya san magungunan da mai shayarwa za ta iya sha. Shan su ba rashin bangaskiya ba ne, gama Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma shawarci Timotawus a kan abin da zai sha saboda ciwon cikinsa.

Tunani

Hannatu tana da kishiya, Feninna, wadda ke tsokanarta kowace shekara a kan rashin haihuwa, har ta yi ta kuka ta ƙi cin abinci. Mijinta Elkana yana ƙaunarta, amma ta'aziyyarsa ta karkata ga kansa, gama ya tambaye ta ko shi bai fiye mata 'ya'ya goma ba. Eli firist kuwa, da ya ga leɓunanta suna motsi ba murya, ya yi zaton ta bugu, ya tsauta mata. Mutanen kirki biyu, dukansu suka yi magana kafin su saurara. Amma da Hannatu ta bayyana masa nauyin zuciyarta, Eli ya karɓi maganarta ya sa mata albarka. Sai ta tafi ta ci abinci, fuskarta ta sake. Ku lura, a lokacin nan ba ta riga ta yi ciki ba. Abin da ya sake shi ne ta zuba kukanta ga Allah, wani mutum kuma ya ji ta.

A zamaninmu an gwada ƙarfin saurare an auna shi. A ƙauyukan da ke kewayen Rawalfindi a Pakistan, an koya wa mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa ziyartar masu ciki da baƙin ciki ya danne, su saurare su, su taimake su gane tunanin da ke karya musu gwiwa, su sāke shi da mai amfani. An bi mata wajen 900, aka buga sakamakon a 2008. Wata shida bayan haihuwa, 23 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan jiyya ne ciwon bai sake su ba, a ɗaya ɓangaren kuwa 53 cikin 100. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti, su yi zama shida da mai damuwa, suna taimakonsa ya zaɓi matsala ɗaya ya nemi hanyar warware ta. Mutanen can suna kiran ciwon kufungisisa, watau yawan tunani, kamar yadda mu ma mukan ce tunani ya yi wa wance yawa. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun sami sauƙi sosai fiye da sauran.

Waɗannan mata ba likitoci ba ne. An koya musu, ana kuma duba aikinsu. Bulus ya riga ya danƙa wa tsofaffin mata aikin horon ƙanana a kan zaman aure da renon 'ya'ya (Titus 2:3-5). Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Zumuntar Mata tana da benci, tana da kakanni. Abin da ya rage shi ne a nemi ma'aikacin lafiya ya koya musu, su kuma riƙe asiri. Dattijuwar da za ta zauna kusa da mai jego ta ce, “'Yata, yaya barcinki? Me ya fi damunki cikin dare?” sa'an nan ta yi shiru ta ji amsa, ba ta kuma kai labarin bakin rijiya ba, ta yi aikin Allah.

Gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa alhinin mace yana da dalili a fili: miji mai duka ko mai shaye-shaye, suruka mai gori a kan haihuwar 'ya'ya mata, bashi, ko aiki daga asuba har dare ba mataimaki. In an ba ta ƙwaya aka mai da ita cikin wannan hali, an share ɗaki ne an bar rufin yana yoyo.

Likita Thomas Adeoye Lambo ya gane wannan tun 1954, sa'ad da ya soma tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majiyyata a ɗaki, sai aka saukar da su a gidajen mutanen ƙauye, kowane tare da wani danginsa, suna zuwa asibiti da rana. Ya ga mutum ya fi saurin warkewa a tsakiyar nasa. Al'adarmu ta jego ma tana da irin wannan hikima, inda mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta kwana 40, a dafa mata, a ɗauke mata aiki. A birane yanzu mace takan haihu nesa da uwarta, ta tashi a kan aiki bayan mako guda. Wajibi ne ikilisiya ta cika wannan gurbi.

Ga maigida kuma muna da magana. An umurce ka ka ƙaunaci matarka kamar jikinka (Afisawa 5:28). In ƙafarka tana ciwo ba ka yi mata wa'azi, kakan hutar da ita. Ka karɓi jariri da dare ta sami barci, ka raka ta asibiti, ka tsaya tsakaninta da masu gori ko da danginka ne.

Haƙuri fa? An ce shi ne maganin zaman duniya, Littafi kuma ya lissafta shi cikin 'ya'yan Ruhu. Haƙuri na gaskiya shi ne jimre wa abin da ba shi da makawa, tare da sa zuciya ga Allah. Amma in mun ce wa macen da ake duka ta yi haƙuri, muka koma gida ba mu tsauta wa mai dukan ba, mun ɗauki kalma mai tsarki mun rufe mugunta da ita. A irin wannan gida, mai bukatar tuba shi ne mijin. Dattawa su fara neman inda matar za ta tsira da ranta, kafin a zauna maganar sulhu.

Ruhu

Wani zai ce, in kun mai da kome ciwo, ina wurin addu'a, ina kuma wurin tuba? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne wani nauyin zuciya daga laifi yake fitowa, Dawuda ya shaida cikin Zabura 32 yadda jikinsa ya lalace sa'ad da ya ɓoye zunubinsa. In mace da bakinta ta kawo irin wannan, a nuna mata gafarar da ke cikin Almasihu. Amma ba namu ba ne mu zata mata laifi. Abokan Ayuba sun yi haka, Allah kuwa ya yi fushi da su. Almajirai sun tambaya ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba (Yohanna sura 9).

Addu'a tana nan a matsayinta. Manomi yakan roƙi ruwa, ya kuma ɗauki fartanya, ba wanda ke cewa fartanyar ta rage masa bangaskiya. Sai dai mu sani, macen da ciwon nan ya danne sau da yawa ba ta iya addu'a, wannan kuma yakan ƙara mata tsoro cewa Allah ya yashe ta. A lokacin nan mu ne za mu ɗauke ta, kamar mutum huɗun nan da suka ɗauko shanyayye suka zura shi ta rufin ɗaki a gaban Yesu. Markus ya ce bangaskiyarsu ce Yesu ya gani.

Amsarmu ke nan. Alhinin uwa kaya ne, ba a kuwa umurce mu mu yi wa mai kaya shari'a ba, an umurce mu mu ɗauki kayan juna (Galatiyawa 6:2). Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita da kaka da miji da fasto, kowa ya kama gefensa.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

Me ya sa Allah ya ciyar da Iliya kafin ya yi masa magana? Wane kuskure Elkana ya yi, wane kuma Eli ya yi, yaya Eli ya gyara nasa? A ikilisiyarmu, wa ke ziyartar mai jego bayan ranar suna ta wuce? In mace ta ce ta gaji da rai, wane asibiti ne mafi kusa da mu, wa kuma zai raka ta?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai da ka ji kukan Hannatu, ka ciyar da Iliya a jeji, ka dubi 'yan'uwanmu mata waɗanda barci ya ƙaurace musu. Ka ba mu kunnen ji da bakin da ke riƙe asiri. Ka sa albarka ga hannun masu jiyya, ka tausasa zukatan mazaje, ka sa gidajenmu su zama wurin hutawa. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.